Daddawa Mai Yatsa Uku

"...da gida, amarya? Ko kunnen ma ya bi haƙoran?"

"Na ji ka tun daga bakin titi. Wa ke da moto mai tarin fuka duk Maraɗi in ba mijina ba?"

Tsahara ce ke amsawa daga gindin dalbejiya, a gidanta na unguwar Zariya. Gida ne mai ɗaki shida, amma ɗaya kaɗai ake kwana a ciki. Maigidan ya rasu, ɗanta babba yana Aljeriya, na biyu yana Libiya, autar tana aure a Yamai. In ba don wannan jika nata Idirisa ba, mai leƙo ta duk Laraba bayan la'asar, wallahi sai ta yini ba ta yi magana da kowa ba sai kaji.

Idirisa ƙato ne mai mata da 'ya'ya uku a Jiratawa. Tattasai yake kaiwa Jibiya bisa moto mai ƙafa biyu, ya komo da isansi, wato man fetur. Shi ne kuma mai ɗaukar kwanon Tsahara: ta cika shi da busasshen zogale ya kai wa ƙanwarta Tasalla can hayin iyaka, Tasalla ta mayar da shi cike da daddawar kalwa. Shekara da shekaru kwanon bai taɓa dawowa wayam ba. Waya kuwa ba ta da amfani, Tasalla ba ta ji sai an yi ihu a kunnenta.

"Ga saƙonki," in ji shi, ya dire kwanon. "Mijin kirki ke nan. Wa zai tsallaka ƙasa don tsohuwa?"

"Mijin kirki! Shekara talatin ina aurenka, ko turmin atamfa ban gani ba."

Ta buɗe kwanon, gabanta ya faɗi. Uwarsu ta koya musu danna yatsa uku a kan kowace daddawa kafin a shanya, kuma Tasalla ba ta taɓa mantawa ba. Wannan kuwa sumul take, ba shaidar komai. Wata na huɗu ke nan tana ganin haka. Ta san halin mutanenta sarai: in mutum ya rasu nesa, sai a ɓoye wa tsoho, wai kada hawan jini ya kayar da shi. Tsoron tambaya take yi, don haka ta rufe kwanon ta gyara zama.

"To, ya mutanen Najeriya?"

"Suna can suna kewar mu. Ai mun fita daga Sediyawo, mun bar musu ƙungiyarsu ta ƙasashen yammacin Afirka. Yanzu mu da Mali da Burkina ne, kowa ya san ƙasa ta tsaya da ƙafarta."

"Wa na sani a Burkina? Uwata a Jibiya aka rufe ta."

"Yawwa, kin tona kanki! Baƙuwar haure! Ina kartidantite ɗinki, katin shaidar ɗan ƙasa? Gobe in ɗaure ki bayan moto tare da buhun tattasai in mayar da ke inda kika fito."

"Bisa jaki aka kawo ni garin nan, ubanka ko a mafarki ba a san da shi ba. Ba wanda ya tambayi jakin takarda."

"Ai jakin ya fi ki kyan gani, shi ya sa."

"Ja'iri! To tunda fita ake yayi, ni ma na fita daga aurenka. Ba ni takardata."

"A'a, amarya, ba a fita haka kai tsaye. Sai kin ba da sanarwar shekara guda. Ko gwamnati sai da ta jira."

"Ka ga ina da shekarar jira? Kai da ke murnar fita, da sau nawa kake tsallakawa a sati?"

"Sau uku."

"Yanzu fa?"

Idirisa ya sosa ƙeya. "Kasuwa ce ta ja baya tun rufe iyakar nan. An buɗe, amma ba ta koma daidai ba. Haƙuri za a yi, kowane sabon abu da wuyarsa."

"Haƙurin ne ya kwashe mini 'ya'ya ya kai Aljeriya."

"Ba ga ni ba? Ni kaɗai na fi su su duka."

"Kai? A cin tuwo dai. To mi Tasalla ta ce a gaya mini?"

"Ta ce tana gaishe ki. Ta ce har yanzu ta fi ki kyau."

"Ƙarya kake. Tasalla ba ta gaisuwa, zagi take aikowa. Wane zane ta ɗaura?"

"Wani... shuɗi."

"Wancan zuwan ma shuɗi ka ce. Ta zama 'yar lakkwal ke nan, kayan makaranta ɗaya kullum?"

"Ni mijinki ne, ina ruwana da kallon zanen wata?"

Tsahara ta so ta yi dariya, dariyar ta ƙi zuwa. Ta sake buɗe kwanon, ta ɗauki daddawa guda ta miƙa masa.

"Wagga daddawa ta kasuwar Tibiri ce. Wata huɗu kana ɗura mini ita. Na tsufa, amma ban makance ba." Muryarta ta sauka. "Idirisa. Tana da rai?"

Ai fa sai ƙaton ya yi laƙwas. Tunda aka haife shi ba ta kira sunansa haka ba, kullum mijina ne ko ja'iri.

"Da ranta, Iya."

"Rantse. Ba wasa nake ba."

"Wallahi tallahi da ranta, lafiyarta lau. Ɗanta ne ya rufe shago, ciniki ya mutu tunda 'yan Maraɗi suka rage zuwa. Ya kwashe gidan duka sun koma Kano. Ita ce ta riƙe hannuna ta ce kada in gaya miki ta yi nisa, wai za ki yi ta kuka kamar ranar da aka ɗora ki bisa jaki."

"Maƙaryaciya, ita ta yi kukan!"

Sai ga hawaye shar. Ta ce Alhamdu lillahi ya fi sau biyar, tana sharewa da bakin gyale. Daɗi ya cika ta, kaɗaici ya biyo baya ya danne shi. Jibiya dai ko ba ta je ba, ta san yini guda ya isa a je a komo. Kano kuwa, da waɗannan gwiwoyin, ta san sun gama ganin juna.

"Zogalena fa? Ina kake kai shi?"

"Matata ke kwaɗawa."

"Kishiyata! Wata huɗu ina ciyar da kishiya ban sani ba! Shi ya sa ta yi kumatu."

"Na tuba, amarya. Kin ci ni. Ki yanke hukunci, ko korar ce na ɗauka."

Wannan karon dariyar ta zo, da majina da komai. Ta juye daddawar a ƙwarya, ta tashi da kyar ta cika kwanon da zogale, ta ɗora masa ƙulli guda na goro a kai.

"Na fasa fita. Ungo, ka kai wa Tasalla."

"Iya, ai na gaya miki..."

"Na ji. Kurma ce ni? Ranar Laraba ka kawo mini kwanona a cike. Amma ka ce mai daddawar ta ba ka ɗanya, wadda ba ta bushe ba. Miƙo hannunka."

Ta kama ƙaton hannun nan mai warin isansi, ta ware yatsu uku, ta danna su a tafin hannunta.

"Haka ake yi," in ji ta. "In za ka yi mini ƙarya, ka yi ta da kyau."