Sarkin Ruwan Famfo

Duk faɗin Abuja, in ana lissafin masana kogi, daga kan Dakta Lukmanu Yelwa an rufe ƙofa. Daraktan yawon buɗe ido ne a wata ma'aikatar tarayya. Ya halarci taro kan koguna a ƙasashe bakwai, ko sau ɗaya takalminsa bai jiƙe ba. Saboda tsabar girmamawa, in ya ba da baya ma'aikatansa kan kira shi Sarkin Ruwan Famfo.

A shekarun da mulki ya dawo hannun farar hula, man fetur na tashe, aka ɗora masa aikin jawo baƙi zuwa Tungar Mashaya, tsohuwar tashar jiragen fatake a bakin Gurara, wajen Abaji. Aka raɗa masa cewa in abin ya yi armashi, kujerar Babban Sakatare na jiransa. Bai ɓata lokacinsa wajen zuwa garin ba. Daga ofishinsa mai sanyi ya tsara kalanda, kowane wata da shagalinsa: tseren kwale-kwale a Maris, liyafa kan rairayi a Agusta, yadda ya ga ana yi a Turai.

Rosemary, wata jami'arsa 'yar asalin garin, ta ce, "Oga, a Maris fa kogin..."

"Digirina uku," in ji Dakta. "Kogi ba ya yanka wa gwamnati lokacin aiki. Gwamnati ke yanka masa."

Wanda bai ji bari ba, ya ji hoho. Maris na kamawa ya kwaso baƙi da 'yan jarida bas uku. Suka tarar da rairayi iya ganin ido, da ɗan siririn ruwan da akuya ke tsallakewa tana tuƙa. Dakta namiji ne, bai karaya ba. Ya sa masunta suka ɗora jiragensu a ka suka yi tsere, ya shaida wa baƙi cewa al'ada ce mai shekara ɗari biyar. Su ma masuntan ran nan suka fara jin labarinta.

Don kada tarihi ya manta, ya sa aka kafa ƙaton allon ƙarfe a tsakiyar rairayin, ɗauke da hotonsa a tsaye, babbar riga da hula, yana nuna sama da yatsa. Yamusa, tsohon sarkin jirgin garin, ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, nan ɗakin kwanan ruwa ne. Unguwa kawai ya tafi." Dakta ya ce a rubuta maganar, za ta ƙawata ƙasida.

A Agusta ya gayyato Minista liyafa. Aka zo da rumfa da kujeru da tukwanen shinkafa. Ashe mai ɗaki ya dawo, ja wur, ya cika ya batse har gindin mangwaron kasuwa. Can tsakiya, hular Dakta da yatsansa kaɗai ke leƙe. Minista ya dubi yatsan, ya dubi mai yatsan, ya koma mota. Kujerar Babban Sakatare ta bi ruwa tun ranar.

Amma kada a zalunci bawan Allah, aikinsa ya amfani garin. Baƙi na zuwa rani da damina don ɗaukar hoto da allon. Mutanen gari kuwa sun samu ma'auni. Da safe za ka ji ana tambaya, "Ina ruwa ya kai?" A ce, "Yana gwiwar Darakta." In ya kai ƙirji, a kwashe awaki zuwa tudu. In kuwa ya rufe masa baki, in ji Yamusa, daga nan ne komai na garin ke tafiya daidai.