Zaurukan Gidan Sani

A wani gari wai shi Tukuna, can gaba da inda mota ke juyowa, akwai wata babbar makaranta da ake ce wa Gidan Sani. Katangarta doguwa ce, ƙofarta ɗaya. Mutanen garin suna alfahari da ita, har waɗanda ba su taɓa leƙa ta ba, kuma su ne suka fi yawa.

Da can, da kaka ake shiga. In an gama girbi yaro ya wanke ƙafa ya zo, a yi masa tambayoyi, in ya amsa ya shige. Shi ke nan.

Sai aka ƙirƙiro gasa tsakanin garuruwa. Duk kaka wani mai awo yakan zo daga birni da igiya, ya tsaya bakin ƙofa yana auna kan duk wanda ya shiga. Garin da kawunan ɗalibansa suka fi girma shi ake ba tambari, ya rataye a fada har shekara ta zagayo. Sarkin Tukuna, Sarki Ba-Sauri, yana son tambarin nan fiye da barcin rana, kuma ba ƙaramin so yake yi wa barcin rana ba.

Ya tara majalisa. Sarkin Ƙofa, wanda makullin makaranta ke aljihunsa, ya ce abin ba wuya. Mai awo da kaka kaɗai yake zuwa. A bar masu manyan kai su shiga a gabansa. Sauran a ce musu an ɗauke su, amma sai bazara, lokacin igiya ta koma gida. Sarki ya tambaya ko wannan ba ƙarya ba ce. Sarkin Ƙofa ya ce a'a, tsari ne. Sarki ya ce to, in dai tsari ne.

'Ya'yan fadawa aka naɗa musu rawani, aka auna su da rawanin. Mai awo bai ga komai ba, don ragon da aka ba shi ya tare masa gani. Da an gama awo kuma, yaran nan sukan fice su tafi birni, can suke karatunsu.

A shekarar ne Nomau ya zo. Ɗan Kande ne mai saƙar tabarma, shi kaɗai gare ta. Yanar ido ta fara rufe mata gani, in mutum ya tsaya gabanta kamar ta cikin hayaƙi take ganinsa. An ce a Gidan Sani ana koyar da cire yana, kuma aiki ne mai sauƙi in an yi shi da wuri. Nomau ya ce shi zai koyo, ya cire mata da hannunsa. Ya amsa tambayoyin duka. Kansa dai madaidaici ne, irin na ubansa.

Sarkin Ƙofa ya kira shi gefe.

“Albishirinka, samari.”

“Goro, ranka ya daɗe.”

“An ɗauke ka.”

“Alhamdu lillahi. In shiga?”

“Ka shiga mana. Da bazara.”

Nomau ya tambaya ko yanzu shi ɗalibi ne ko ba ɗalibi ba. Sarkin Ƙofa ya ce ɗalibi ne sosai, makarantar ce dai ba ta iso gare shi ba.

Kande ta yi guɗa, ta soya waina ta raba wa unguwa. Maƙwabta suka zo barka. Washegari suka gan shi yana ɗebo ruwa. Jibi ma haka. Wata tsohuwa ta tambayi Kande ko makarantar a bakin rijiya take.

Ba Kande kaɗai aka yi wa irin wannan tambaya ba. Iyaye suka kai kuka fada, suka ce yara na zaune, karatu na zubewa, kunya kuma ta ishe su. Majalisa ta ji tausayi, ta sa aka gina zaure daga ƙofa zuwa ciki, aka sa masa suna Karatun Zaure. Kowa ya zo da tabarmarsa da damin gero, ya zauna daga kaka zuwa bazara, ana shirya shi. Da aka yi maganar tubali, Sarkin Ƙofa ya ce kada a wahalar da talakawa, akwai a kusa.

A zaure aka koya musu sallama. Aka koya musu cire takalmi, da inda ake ajiye shi, da irin zaman da za su yi in sun shiga ciki. Nomau ya ɗaga hannu ya tambayi yaushe za a zo kan ido. Malam ya ce ido karatun ciki ne, amma ya yaba yadda ya ɗaga hannun, ya ce sauran su yi koyi.

Kasuwa ta buɗe. Masu ƙosai suka kafa kasko a bakin ƙofa. Wani ya zo da man shafawa mai ƙara girman kai, bai kai azahar ba ya sayar. Tabarma ta yi daraja, don zaman zaure yana cin tabarma. Kande tana saƙa daga safe har haske ya ƙare, tana matso da kaba kusa da hanci don ta ga launi.

Kada wani ya ce da garinsu nake. A garinku ai ba a yin haka.

Bazara ta zo. Nomau ya naɗe tabarma, ya yi aski. A daidai lokacin Sarkin Kasuwa ya isa fada da gudu, yana tambayar wa zai ci ƙosai in yaran nan suka shige. Sarkin Ƙofa ya ƙara da cewa rumbunan makaranta ba su taɓa cika haka ba. Sarki ya ce amma an yi alkawari. Sarkin Ƙofa ya ce alkawari na nan, sai dai daga zaure zuwa ciki tsalle ne babba, yaro na iya karyewa. Tausayi ya sake kama majalisa. Aka gina zaure na biyu a bayan na farko.

A na biyu aka maimaita abin da aka koya a na farko, don kada a manta. A na uku aka koyi haƙuri, har da jarrabawa. Wanda ya tambayi yaushe za a faɗi sakamako ya faɗi. Malaman ciki, da suka ga gero a zaure yake, suka fito ɗaya bayan ɗaya da buzayensu. Malamin ido ma ya fito. Aka ba shi darasin ajiye takalmi.

Wata rana Nomau ya koma gida ya ce shi ya gaji, zai bari. Zai kai ta wani gari ko a kan jaki ne, a nemi mai cire mata. Kande ta ajiye kaba.

“Ɗan nan, an ɗauke ka fa. Unguwar nan kaf sun ci wainata. Ka bari in ce musu me?”

“Inna, idonki.”

“Idona na nan inda ka bar shi. Me aka koya muku?”

Ya fita waje ya yi mata sallama. Ta ce gaskiya ba ta taɓa jin mai kyanta ba, ya koma ya ƙarasa.

Ya koma. Lokacin Kande ta daina matso da kaba kusa da hanci, da yatsa take saƙa. Ja yana faɗawa inda kore ya kamata. Masu saye suka ce sabon yayi ne, aka shiga rububi.

Kaka ta bi kaka, bazara ta bi bazara. Zaurukan suka yi ta shiga ciki suna lanƙwasa kamar hanji. Nomau ya shiga da aski, ya kai ga gemu. Wasu abokan zamansa sun gudu, wasu sun yi aure a zaure na biyar, 'ya'yansu har an ɗauke su.

Ranar da ya kai ƙofar ƙarshe, kaka ce. Sarkin Ƙofa ya zo da kansa, yana dogara sanda. Nomau ya cire takalmi, ya ajiye shi daidai, ya yi sallama. Aka buɗe.

Fili ne. Awaki biyu suna kiwo a inda ake ganin alamar tushen gini. Daga can gefe katanga ta ɓule, ana hango titi, da kaskon ƙosai, da layin iyaye a bakin zaure na farko.

“Ranka ya daɗe, ina makarantar?”

“Ai ta cikinta ka biyo. Bangon da ka jingina da shi bara, ɗakin koyon ido ne. Tubali mai kyau.”

Nomau ya gyaɗa kai. Ya ci jarrabawar haƙuri tun da daɗewa.

Sarkin Ƙofa ya ce kada ya damu, makaranta ba ta yar da nata. Zaure na farko na neman malami, kuma duk Tukuna babu mai sallama irin tasa. Nan take aka naɗa masa rawani, naɗi mai kauri. Aka fito da shi ta ɓular katanga. Mai awo na nan da igiyarsa, ya auna, ya ce bai taɓa ganin kai irin wannan ba. Aka buga tambari.

Kande tana bakin layi da tabarminta. Ta ji guɗa, ta ji ana kiran sunan ɗanta, ta tashi tana lalube. Aka buɗa mata hanya. Ta shafa gemun, ta shafa rawanin har sama.

“Ɗan nan, ka fito?”

“Na fito, Inna.”

“To bismilla. Ni ba na jin tsoro.”

Ta ɗaga fuska, ta buɗe idanun iyakar buɗewa, farare fat. Iyaye suka matso da 'ya'yansu gaba don su ga aikin Gidan Sani. Sarkin Ƙofa ya gyara tsayuwa a kan sandarsa, yana kallon sabon malami.

Nomau ya dubi layin. Ya dubi hannunsa. Ya gyara murya, irin gyaran da aka koya masa.

“Albishirinki, Inna.”

“Goro,” in ji Kande, ba ta ko ƙifta ba.