Abin da Bilki Ta Kwantar a Gareji

Ba zan taɓa mantawa ba da wani taron suna da aka yi a unguwar Shango, nan Minna, don har yau in na tuna sai kunnuwana su ɗau zafi. Rabin zafin kunya ce, rabin kuma haushi ne da bai gama hucewa ba.

Ƙanwata Bilki ce sila. Tana aiki da wani kamfanin manyan motoci masu jigilar siminti da hatsi, kuma ba a ofis take zama tana shan fanka ba. A gareji take wuni, riga mai ƙyalli a kan hijabi, tana duba taya da birki da fitilu da lasisin direba. Motar da ba ta yarda da lafiyarta ba, ba ta fita ƙofa, ko mai kamfanin ne ya ce a fita. Ni na raine ta bayan rasuwar Innarmu, na san tarbiyyar da na ba ta. Amma bakin mutane bai bar mu ba. Wai me 'ya mace take nema a tsakiyar direbobi? (Masu faɗar haka kuwa 'ya'yansu na bin hanyar Suleja kullum, tirelolin nan na wuce su a guje. Ba su taɓa tambayar wa ya duba birkin ba.)

A lokacin ana maganar aurenta, saura sa rana. Uwar saurayin, Hajiya Kulu, ta riga ta aiko tambaya sau biyu ko Bilki za ta ajiye aikin, don ita ma surutu ya kai mata. Ranar sunan kuwa sai ga ni ga Hajiya Kulu a tabarma ɗaya. Ina ta lallaɓa ta, ina tura mata kwanon masa.

Ana cikin haka wata Banufiya da ake kira Maman Ndagi ta shigo. Muna haɗuwa da ita wajen niƙa a Dutsen Kura, mijinta direba ne a kamfanin su Bilki. Ta gaishe mu, ta zauna, sai ta dube ni ta ce, "Maman yara, ƙanwanki bai kyauta min ba. Mijina ya shirya zai tafi Legas da mota, sai ƙanwanki ya kwantar da shi a gareji. Tun ranar Talata bai tashi ba."

Jama'a, ban san lokacin da na miƙe ba. Duk haushin da na shekara ina haɗiyewa ya taso min.

Na ce, "Baiwar Allah, ki ji tsoron ranar da za a tambaye ki. Yarinyar nan marainiya ce, a hannuna ta sauke Alƙur'ani. Kun ce tana wuni cikin maza, mun yi shiru. Kun ce ba za ta auru ba, mun bar ku da Allah. Yau kuma a gaban surukarta za ki yi mata ƙazafi? To bari ki ji, Bilki ba ta taɓa kwanciya da mijin kowa ba, a gareji ko a wajen gareji." (Har da ɗaga yatsa sama na yi. Har da hawaye.)

Mai jego ta daina jijjiga jaririnta. Maman Ndagi ta saki baki tana kallona.

Daidai nan Bilki ta yi sallama, daga aiki take, rigar nan mai ƙyalli a ninke a hannunta. Maman Ndagi ta yi caraf ta ce, "Yauwa, Anti Bilki. Na Baban Ndagi, ba kai ya kwantar da shi ba?"

Bilki ta ce, "Ni na kwantar mana. Ba ma nasa kaɗai ba, da yawa na kwantar satin nan. Kuma ba tashi sai an gyara."

Da ƙyar na ce, "A gyara me, Bilki?"

"Birki, Yaya. Iska take zubarwa. Tirela da lodin siminti, in ta kama gangara ba birki, wa zai tare ta? Lafiya na ga kina kuka?"

Mota. Motar ta kwantar, wato ta hana ta fita, haka suke cewa a gareji. Ni da aka haifa a Minna, na fi kowa sanin Hausar garinmu: mace shi, mota shi, tukunya ma shi. Na gane sarai da ta ce "ƙanwanki ya", amma da ta zo kan "shi" sai na tsallake mota na dira kan mijin mutane. Ita baiwar Allah ƙorafinta kawai maigida ya tare a gida yana ci yana faɗa.

Hajiya Kulu ta gyara mayafi ta ce, "Ikon Allah. Mu dai tun farko mota muka ji."

Dariyar da aka yi, har matan da ke tsakar gida suka leƙo. Abin da ke ƙona min rai shi ne, waɗanda suka fi kowa ƙyaƙyatawa su ne masu yi da Bilki a bayan ido. Su sun fita fes. Ni mai zuwa Islamiyya safe da yamma, ni ce na kawo maganar banza ɗakin suna da bakina. Na bai wa Maman Ndagi haƙuri, ta ce, "Ba komai, kai ma uwa ne."

Ina jin Hajiya Kulu ta ja Bilki gefe tana tambayarta, in mai kamfani ya matsa fa? Bilki ta ce sai dai ya kore ta, ba za ta sa hannu a tura mijin wata lahira ba. Hajiya ba ta sake tayar da maganar barin aiki ba. Ranar sa rana aka ce ta faɗa wa dangi, "Yarinyar ba ni da haufi a kanta. Yayar ce dai a riƙa sa ta a addu'a."

Bilki na nan tana kwantar da motocinta. Ni kuma yanzu ko zagin uwata na ji an yi a garin nan, ba na miƙewa sai na fara tambaya: "Shi wa?"