Bindigar Robar Dogara Ta Kawo Manya Guangzhou

Jiya da hantsi na shiga kasuwar kayan wasan yara ta Liwan, a nan Guangzhou ta ƙasar Chaina, in karɓi ragowar kayan Sallah, sai na yi karo da wani tumbi a bakin lungu. Karo na gaske, har kallabina ya karkace. Na ɗago kai zan yi masifa, sai na ga babbar riga ta shadda, da waɗansu tumbunan suna biye a baya. A zafin garin nan, wanda yake dafa mutum kamar dambu a madambaci, duk wanda ka gani cikin babbar riga ba da kuɗinsa ya zo ba.

Ashe su ne: Mai Girma Shugaban Kwamitin Tantance Bindigar Dogara, da mataimakinsa, da sakatare, da wani wanda aikinsa riƙe jaka.

Dogara ɗana ne, direban tirela. Shi yake ɗauko mini kwantena daga Legas zuwa Kano. Bara 'yan fashi suka tare shi da rana tsaka, suka kwantar da shi a kan kwalta, suka tattake masa hannun hagu, suka kwashe kaya. Shingen masu kaki yana gaba kaɗan, har ana hango gangunansu. Da ya je kai ƙara, suka ce ya kawo mai su bi sawu. Ya bi layin mai har ya samu, sawun kuwa ruwan sama ya riga ya wanke.

Sai ya je neman lasisin bindiga. Aka ce ya kawo shaidar cewa rayuwarsa tana cikin haɗari. Ya nuna hannun. Aka ce wannan karaya ce, ya dawo idan an harbe shi.

Ni Jumai ban yi boko ba. Wannan labarin ma Sumani maƙwabcina, mutumin Gana mai loda wa mutane kwantena, shi yake riƙe da biro ina faɗa masa. Amma na san tsoro ba ya tsayawa ya duba ko ƙarfe ne ko roba. Na buɗe katan cikin kayana na zaro bindigar wasa, baƙa, doguwa, mai batir. Idan ka danna kunamar sai bakinta ya yi jan haske, ta kama kuka irin na motar asibiti. Na ce Dogara ya riƙa leƙo da bakinta ta taga idan ya shiga daji. Ta kuwa yi aiki. Masu tare hanya suna hango ta sai su janye kututturensu daga kan hanya, har wani ya ɗaga masa hannu.

Masu shinge ma sun hango ta. Suka runtuma cikin dawa, wani ya bar hula, wani ya bar takalmi ƙafa ɗaya. Da suka dawo hayyacinsu, suka dawo da motoci. Aka ɗaure mini ɗa, aka nuna shi a talabijin ba riga, an ɗora bindigar a kan tebur, wai an kama ƙasurgumin ɗan fashi. Sai bayan an ƙara wa wani igiya a kafaɗa sannan wani mai ƙaiƙayin yatsa ya danna kunama, bindiga ta rera waƙarta. Wa zai cire igiyar da aka riga aka ɗinka? Aka ce sai ƙwararru sun duba. Aka juya gindinta aka ga a Chaina aka yi ta. To, ga ƙwararrun nan sun biyo ta har gida, Allah ya saka musu da wannan ƙwazo.

Na damƙi hannun rigar Mai Girma.

"Ranka ya daɗe, ni ce uwar ɗan fashin."

"Hajiya, sakar mini riga. Maganar nan tana gaban hukuma."

"Ai ga hukumar a gabana tana cinikin keken jikoki. Mu je in nuna maka inda aka haifi bindigar."

Na ja su har shagon Lawban, wato mai gida, tsohon da nake saye a wurinsa. Yana zaune ya naɗe singileti a kan cibiya yana kurɓar shayi. Na nuna masa irin bindigar a rataye, na kwatanta harsashi da yatsa. Ya ce, "Meyo." Babu ke nan. Ya miƙo batir. Na zura, na danna.

Jama'a, na ga aikin horo. Mai Girma ya faɗa bayan katan ɗin 'yartsana, mataimaki ya shige ƙarƙashin tebur, mai jaka ya kwanta rubda ciki a kan jakar. Lawban ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi. Mai Girma ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa.

"Sakatare, rubuta. Makamin yana firgita manyan jami'ai."

Sannan ya jawo ni gefe ya sassauta murya.

"Hajiya, kowa ya san roba ce. Jikana ma yana da irinta. Amma in muka koma yanzu muka ce roba ce, me za mu ce mun zo yi? Akwai masana'antar batirin, tana wani gari, ba mu je ba tukuna."

"Ɗana fa?"

"Ai can ya fi tsaro. Tun da aka rufe shi wane ɗan fashi ya taɓa shi?"

Dogara yana kwance a kan siminti da hannun da bai gama ɗoruwa ba, matarsa ta sayar da keken ɗinki tana kai masa abinci, tirela tana tsatsa a bayan ofis an riga an fara zare mata taya. Wannan bawan Allah kuwa yana ƙamshin turaren otal yana yi mini wa'azin tsaro. Na juya na tambayi direban Lawban, wanda yake tsaye a gindin motarsa, me su suke riƙewa a doguwar hanya. Ya zaro ƙarfen kwance taya daga ƙarƙashin kujera. Ya ce su ma suna da masu tare hanya, su ma an hana su bindiga. Na ce to ya ɓoye ƙarfen nan, kada kwamiti ya gani ya nemi zuwa inda aka narka shi.

Da la'asar ina zaune a sito, sai ga Sumani yana danne dariya.

"Magajiya, baƙinki suna waje. Sun sayi firiji, da kujerun falo, da gado mai madubi, da wata fitila mai gilasai kamar ta masallaci. Jirgin sama ya ce ba zai ɗauka ba."

"Su nemi kwantena mana."

"Lokacin Sallah? Kowa ya cika tasa. Taki ce kaɗai ke da wuri."

Na gyara kallabi na fita da fara'a. Na ce ai ɗan'uwa a baƙon wuri ba ya ƙin ɗan'uwa. Na sa aka fara shigar da nasu can ƙurya, aka toshe da katan-katan ɗina har bakin ƙofa. Mai Girma ya yi ta sa mini albarka, ya ce irina ne iyayen ƙasa. Sai da Sumani ya rufe ƙofa ya danna hatimi, babbar mota ta ja ta nufi tashar ruwa, sannan na ce:

"Ranka ya daɗe, kwantenar nan da sunana take. Kuma ni direba ɗaya ke ɗaukar mini kaya. Ranar da ya fito da tirelarsa da tayoyinta, ranar firijinka zai bar Legas."

"Hajiya, wannan ai garkuwa ce."

"Ba ku je masana'antar batir ba tukuna. Ni ma ba na sauri."

Yau da safe, kafin in gama kalaci, kwamiti ya kammala bincike. Ƙwararru sun gano, bayan dogon nazari, cewa abin roba ne. Sakatare ya fita da gudu neman inda ake buga waya gida. Ni dai na faɗa musu ba na karatu, saboda haka kada su nuna mini takarda. Muryar Dogara nake so in ji, daga gidansa.

Da Mai Girma zai tafi, na tuna masa cewa dajin nan yana nan, masu kututture ma suna nan, kuma yaro zai tuƙo gadonsa mai madubi hannu sake kamar yadda doka ta ce. Ya waiga ya ga ko mutanensa suna ji, sannan ya tambaye ni a hankali ko Lawban yana da bindigar da ta fi waccan girma.