Ranar da Na Shanya Tabar Alhaji

Abubuwa da yawa sun soma ɓace mini yanzu, har lambar wayata sai na tsaya tunani, amma ba zan taɓa mantawa da wata Lahadin bazara a garkar Alhaji Mamman, wato lambunsa da ke ƙauyen Jiratawa, ba. Na so in manta, Allah ya sani. Mutanen unguwarmu ta Sabon Gari ne ba su bari, don haka gara in ba da labarin da bakina, ko na huta da masu ƙara masa gishiri.

Ni dillali ne a Maraɗi. Duk abin da za a sayar ina ciki: fili, tsohon babur, firji, tayoyin mota. Shekara ashirin da wani abu ina yawo a rana, takalmi ya gaji, gwiwa ta gaji, bakin ma ya gaji da rantsuwa. Ana kirana Na-Kwatano, saboda da ƙuruciya na yi wata bakwai ina aiki a wani babban otal a Kwatano. Wata bakwai kacal, amma har furfura ta fito ina cin ribarsu a majalisa. In aka yi zancen Turawa, ni ake juyowa a kalla. In aka kawo wani abin gwangwani da ba a gane kansa ba, ni ake miƙa wa. (Aikin da na yi a otal ɗin, tunda yau ranar faɗin gaskiya ce, wankin kwanuka ne da zubar da tokar taba. Ban taɓa ce wa kowa ni babba ne a can ba, amma duk wanda ya zaci haka ban gyara masa ba.)

Labarin da na fi jan zarensa shi ne na tabar manya, wadda 'yan boko ke kira sigar, mai kaurin babban yatsa, da ake naɗewa da ganye zalla babu takarda. Nakan kwatanta yadda masu kuɗi ke sunsuna ta, su murza ta kusa da kunne, su yanke kanta da ɗan almakashi. Daga nesa na gani, ina riƙe da tire. Ni kuwa ko karan taba ɗaya ban taɓa sa wa bakina ba. Abin da ban faɗa a majalisa shi ne ni ɗan Jiratawa ne, kuma a hannun Kawu Illo na tashi, wan mahaifiyata, manomin taba. Na tsani warinta, na tsani baƙin danƙon da take bari a hannu, wanda 'yan lakkwal, wato 'yan makaranta, ke yi mini dariya a kansa. Ina samun ƙafa na gudu birni, na rufe wannan babin.

Alhaji Mamman babban ɗan kasuwa ne, mai shigo da shinkafa da mai ta Kwatano. A lokacin yana gina otal a kan hanyar Tsibiri, kuma ya faɗa mini da bakinsa cewa ni yake tunanin bai wa aikin jeran, wato mai kula da wurin, tunda na san harkar. Ku gane abin da wannan yake nufi ga mutum irina: kujera, fanka, inuwa. Ba arziki nake nema ba, wurin da zan zauna nake nema. Matata 'yar Tsibiri ce, kuma kafin a sa wa otal ɗin rufi duk danginta sun ji labari. Har sun soma kiranta matar jeran, tana amsawa.

Ran wata Alhamis Alhaji ya kira ni magazansa, inda yake ajiye kayan sayarwa, ya ajiye wani ɗan akwatin katako a gabana. Ya ce ran Lahadi zai yi baƙo, Mushe Kwami (Mushe kamar a ce Malam ne a Faransanci), mutumin da ke fitar masa da kaya a tashar jirgin ruwa ta Kwatano, wanda babu abin da yake so a duniya irin wannan tabar.

"Na-Kwatano, duba min abin ga," in ji shi. "Wani abokina ya sayo min daga waje, wai kara guda ya kusa kuɗɗin buhun hatsi. Ni ban san ta ba, ban kuma son in san ta. Kai ka san ta. In an cuce ni, ka hwaɗa min tun baƙon bai zo ba."

Na buɗe. Ga su jere, kowane kara da zoben takarda mai ruwan zinariya, ƙamshi na tashi. Na ɗauki ɗaya na sunsuna ina lumshe ido, na murza a kunne (ban ji kome ba, amma na gyaɗa kai kamar an faɗa mini sirri). Sai na ɗan matsa ta da yatsa, na ji ta lotsa, da laushi. Na duba murfin akwatin, sai ga wani ɗan soso a maƙale, jiƙaƙƙe.

Nan fa dillalin da ke cikina ya farka. Duk ɗan kasuwar Maraɗi ya san abu biyu. Na farko, kayan da suka fito bakin teku da danshi suke zuwa, kuma maganinsu rana: shinkafa, sukari, kwali, atamfa, duk mun shanya. Na biyu, mai son ya cuce ka yakan jiƙa kaya don su ƙara nauyi. Na ga an yi da gyaɗa, na ga an yi da barkono.

"Alhaji," na ce, "taba ta ƙwarai ce. Amma an yi maka dabara. Ka ga soson ga? Ruwa suka sayar maka. In aka bar ta haka, kahin Lahadi ta yi hunhuna."

Alhaji ya buga cinya. "Na san za a rina! Allah shi yi maka albarka. Tahi da ita, ka gyara."

Na je gida, na ɓamɓare soson na jefar, na jera tabar a faifai biyu, na hau da su kan kwanon ɗaki. Bazarar Maraɗi kuma kun san ta. Juma'a suka wuni, Asabar suka wuni. Da azahar nakan hau in juya su kamar kilishi, matata na ƙasa tana korar kaji. Zuwa yammacin Asabar sun yi sakayau, sun yi tauri, in ka ƙwanƙwasa har amsawa suke. Na mai da su akwati ina jin kaina. Wallahi har tausayin Alhaji na ji, da na tuna abin da zai same shi da ba ni.

Ran Lahadi aka taru a garka, ƙarƙashin mangwaro, ruwa na gudu a hanyarsa zuwa fadamu. An gasa rago, 'yan kasuwa sun kai goma sha biyar. Gonar Kawu Illo na maƙwabtaka da wurin, kuma tun da muka iso na hango shi can yana duƙe, sai na zaɓi kujerar da ta ba shi baya. Bayan an ci an sha shayi, Alhaji ya yi mini alama. Na miƙe cikin babbar rigata ta sallah, akwati a hannu.

Ban miƙa kawai na zauna ba, ina! Sai da na yi lacca. Na ce tabar manya da abu uku ake gane ta: ɗanɗano, naɗi, da ko ta ci kuɗinta. Na ce wannan akwai ɗanɗanon gahawa a cikinta, da zuma, da ƙamshin ƙasar da aka yi wa ruwan fari (wani baƙo na taɓa ji a otal ɗin Kwatano yana faɗin irin haka, ina share masa tebur). Na ce naɗinta kuwa sai an zaga duniya. 'Yan kasuwa na ta "ikon Allah". Mushe Kwami, mutum mai fara'a da farar taguwa, wanda ke jin Hausa sama-sama, da ya ga akwatin sai da ya dafa ƙirji don murna.

Ya ɗauki ɗaya. Fara'ar ta ɗan ragu. Ya kai kunne ya murza, sai ji kake ƙaras-ƙaras, har na ƙarshen tabarma ya ji.

"Kun ji ko?" na ce da ƙarfi. "Ƙarar nan ita ce shaidar mai kyau."

Ya ciro ɗan almakashinsa ya yanke kan. Ganyen waje ya tsage tun daga sama har ƙasa, na ciki ya watse a kan farar taguwarsa. Ya ɗauki ta biyu, haka. Ta uku ma bai kai ga yankawa ba, a hannunsa ta karye. Sai kallon akwatin yake kamar wanda aka yi wa rasuwa.

Mai hankali a nan zai yi shiru. Ni sai na ce ai hannu ne, ba kowa ya iya riƙe ta ba. Na zari ɗaya, na gatse kanta da haƙori, na ƙyasta ashana. Ta kama kamar karan dawa. Na zuƙa da dukan ƙarfina, na haɗiye, don babu wanda ya taɓa gaya mini ba a haɗiye hayaƙinta. Abin da ya biyo baya ban gan shi sosai ba, saboda hawaye. Na dai san na yi tari har na durƙusa, hulata ta faɗa hanyar ruwa ta kama tafiya, wuta kuma ta huda mini gaban riga. Babu gahawa, babu zuma. Ɗaci ne zalla.

Ina cikin wannan hali na ji sallama. Kawu Illo ne, hauya a kafaɗa, ya zo gaida Alhaji, kuma shi ya tsamo hular a hanya. Bai lura da ni ba, don ina duƙe bayan kujera. Idonsa na kan ganyen da ya watse a tabarma. Ya tsuguna, ya tsinci ɓallin ganyen waje, ya sa a tafin hannu ya huhhura masa hucin baki har ya ɗan saki, ya miƙar da shi a hankali. Ya ɗauki na ciki ya ɗora a harshe.

"Wagga ba ganye guda ba ce," in ji shi. "Uku ne. Na waje a inuwa ya girma, ku dubi jijiyatai, kamar babu. Na ciki daga saman kara aka ɗebo wani, shi ke da ƙarhi, aka gauraya da na ƙasa don ta ci wuta. Ta daɗe tana kwance kahin a naɗe ta. Wanda ya naɗe ta kuwa yana da hannu, Allah shi ba shi lada."

Mushe Kwami ya matso da kujerarsa, yana gyaɗa kai da sauri.

"Amma an kashe ta," Kawu ya ci gaba. "Taba in ta bushe sau guda, ba ta ƙara ganin rana. Mu da raɓar sahe muke taɓa ta, in babu raɓa mu yayyahwa ruwa. Man da ke cikinta duk ya tahi. Wane marar tausayi ya shanya ta?"

Alhaji ya nuna ni da leɓe. Na ɗago.

Kawu ya daɗe yana kallona. "Kai? Ɗan ƙanwata Hajo? Shekara goma sha biyu kana riƙe min ƙwaryar ruwan yayyahi."

"Baba, ka san shi?" in ji Alhaji.

"Ni na raine shi, Alhaji. Cikin taba."

Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba, kuma ba ta tari da ƙonanniyar riga ba ce. Tsohon nan bai yi fushi ba, bai ɗaga murya ba. Miƙo mini jiƙaƙƙiyar hulata kawai ya yi. Wani cikin 'yan kasuwa, don ya ƙarasa ni, ya tambaye shi ko yanzu tabar ta ci kuɗinta. Kawu ya ce in aka daka ta da kanwa, tsofaffin Tsibiri masu taunawa za su karɓa ƙulli-ƙulli. Dariyar da aka yi ta kori tsuntsaye daga mangwaro.

Mushe Kwami ya roƙi Kawu ya nuna masa tasa tabar. Suka tafi rumfarsa, suka fi awa guda, ya dawo rungume da damin ganye yana murmushi, da alama ya manta da baƙin cikinsa. Wato Kawu ne ya fitar da Alhaji kunyar baƙonsa. Ni kuwa da aka tashi, motar da ta kawo ni sai ta zama babu wuri. A kabu-kabu, babur ɗin haya, na koma Maraɗi, ina rufe hudar rigata da hannu.

Alhaji bai taɓa yi mini zancen ba, bai kuma sake yi mini zancen otal ba. An buɗe shi, wani ne jeran. In na bi hanyar Tsibiri zuwa gidan surukai nakan hango shi zaune, fanka na kaɗa masa. Matata ta yi wata biyu ba ta je biki garinsu ba. A majalisa kuma an sauke ni daga Na-Kwatano, yanzu Mai Shanya ake kirana, har waɗanda ba su san dalili ba. Na gaji da hanawa, amsawa nake.

Bayan 'yan makonni na tafi Jiratawa da sassafe don in ba Kawu haƙuri, na shirya magana mai tsawo. Na same shi a rumfa yana kwance damin ganye. Na gaishe shi, ya amsa, kafin in buɗe baki ya miƙo mini ƙwaryar ruwa da guntuwar tsintsiya. Abin haushin, hannuna bai manta ba ko kaɗan.

Darasin da na koya ba mai zurfi ba ne: in ka ga jiƙaƙƙen soso a akwatin mutane, ka bar shi inda yake, wanda ya sa shi ya fi ka sanin dalili. Na yi shekaru ina tallar wata bakwai da ban koyi kome a cikinsu ba, ina ɓoye shekara goma sha biyun da aka koya mini abu. Tabar Alhaji dai kwana biyu ta yi a rana. Ni ga shi har yau ban shiga inuwa ba.