Brekke zuwa Sorrel a Minti Goma

Mai Girma Uban Ci-gaba na gundumarmu ya sanar cewa daga yanzu tafiya daga Brekke zuwa Sorrel minti goma ce. Mil ɗari biyu da ɗoriya, minti goma. Ya ce da idonsa ya gani a tikitin sabon jirgin sama: tashi ƙarfe tara, sauka tara da minti goma. Saboda haka bas ɗin da ke bin hanyar ya zama abin kunya ga gari irin namu, a zaman majalisa na wata mai zuwa za a soke shi.

Ni gidan mai nake aiki, ɗan karatuna tsintarsa na yi tsakanin mota da mota. Shi kuwa digirinsa biyu, ya rataye su inda baƙo ba zai iya kauce musu ba. Don haka na yi shiru. Kowa ma ya yi. Mu nan ba ma ƙaryata mutum ido da ido, sai dai mu ce, "To, wannan kuma wani abu ne," mu ƙara masa abinci.

Wadda abin ya hana barci ita ce Gwaggo Arlys, yayar babana. Mijinta Delmer yana gidan kula da tsofaffi a Sorrel, ita kuma idonta ya hana ta tuƙi. Bas ɗin nan ne kaɗai ke kai ta wurinsa duk Juma'a. Jirgi kuwa fanshonta ko kallonsa ba zai iya ba.

Ranar ƙaddamar da jirgin aka gayyace ta a matsayin "wakiliyar talakawa", ni kuma mai riƙe mata jaka. Filin jirgin namu ɗaki ɗaya ne da gilashi mai yawa, ga hoton Mai Girma ya fi ƙofa tsawo. Ya yi jawabi, ya sha manyan kofuna uku na kofi, muka shiga wani jirgi mai kujeru tara wanda sai ka sunkuya.

"Gwaggo, kafin ki gama ɗaura bel mun iso," in ji shi.

"Allah ya sa, ɗan nan," ta ce, ta ciro saƙarta.

Minti goma ta wuce, ƙasa gonakin alkama. Talatin ta wuce, alkama dai. Mai Girma ya fara ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya yana saukewa. Ya waiga baya yana neman wata ƙofa, babu komai sai jakunkunanmu a cikin raga.

"Direba, an samu matsala ne?"

"Lafiya lau, ranka ya daɗe. Saura rabin awa da 'yan kai."

"Tikiti ya ce tara da minti goma."

"Agogon Sorrel ke nan. Awa ɗaya suke bayanmu."

Mutumin da zai kai mu gaba bai san inda agogon jiharsa ke canzawa ba, abin da kowane mai sayar da shanu ya sani.

Ya matse gwiwoyi, gumi na bin wuyan rigarsa, ya rage murya. "Babu ban-ɗaki a nan?"

Gwaggo ba ta ɗaga kai daga saƙa ba. "Bas dai sau biyu yake tsayawa, ɗan nan."

Ni dai na ce, to, wannan kuma wani abu ne.