Macen da Ta Yi Magana a Ɗakin Baba Bukar

Ba zan taɓa mantawa da la'asar ɗin da na yanke a raka'a ta biyu ba, ni da gemuna da 'ya'yana uku. Har yau idan keke napep ya bi da ni ta layin gidan Goggo Hajara a Mairi, sai na tsinci kaina ina duban takalmina.

Goggo ƙanwar mahaifina ce. Mijinta, Baba Bukar, tsohon malamin makaranta ne, ya rasu ya bar wata laftof ta hannu, irin waɗanda ake shigowa da su daga Turai. A cikinta ya naɗi karatun da yake yi da safe. Tun da Goggo ta shiga takaba, kullum da hantsi sai ta kunna ta ji muryarsa. Da kwamfutar ta fara nauyi, ni aka kira, don dangi sun ɗauke ni gwanin na'ura (takardu nake bugawa a wani ofis a GRA, iyakar gwanintata ke nan, amma ban taɓa gyara musu zance ba).

Na kwashe karatun na adana a filas, na yi mata fomatin, wato na share abin da ke cikinta, na zuba sabuwar manhaja da wani abokin aikina ya ara mini. Ta tashi da sauri kamar ba ita ba. Sai dai ta bebance. Ashe ƙananan manhajojin da kamfani ya haɗo ta da su, har da mai sa lasifika aiki, duk na share su. Na ce bari a sa mata karatun a waya, Goggo ta ce a'a, daga cikin abinsa ta saba jin sa. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma faɗan ta yi da na fi samun sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Ka mayar mini da ita yadda take, ɗana."

Kwana goma sha biyu ina fama, kullum hantsin Goggo shiru. Daga baya abokin nan nawa ya ce akwai wani ɓoyayyen sashe da kamfani ke ajiye manhajar asali a ciki, idan ban goge shi ba, maɓalli ɗaya zan danna tana tashi, ta koma kamar ranar da aka ƙera ta. Ban goge ba (ba don wayo ba, ban ma san da shi ba).

Ranar Laraba bayan azahar na je. A ɗakin marigayin kaɗai soket ɗin sola yake, ɗakin da ba a cika buɗewa ba tun ranar jana'iza. Hulunansa na jere a bango. Tabaraunsa na kan littafin da ya bari a buɗe, ƙamshin turarensa bai gama fita daga labule ba. Na ɗora kwamfutar a kan gado, na danna maɓallin. Rubutun da ya fito ba Turanci ba ne, ban kuwa tsaya tunani ba, duk akwatin da ya fi haske shi nake dannawa. Ta kama aiki, allon ya yi duhu, na tura ƙofa na zauna ina jira. Gidan tsit, sai can a tsakar gida matan da suka zo gaishe da Goggo suna hira ƙasa-ƙasa.

Aka kira la'asar ba ta gama ba. Na ji tsoron barin ta, sai na yi alwala na shimfiɗa dardumar Baba Bukar, na ba gadon baya, na ta da kabbara.

Ina tsakiyar Fatiha a raka'a ta biyu na ji mace ta yi magana a bayana.

A hankali, cikin taushi, kamar tana bakin gadon a zaune. Ba Hausa ba, ba Kanuri ba, ba Larabcin Shuwa ba, ba Turanci ba. Na san ƙofa a rufe take. Kwamfuta kuwa ko a raina ba ta zo ba, abin da ya yi kwana goma sha biyu bai ce uffan ba. Ta yi shiru, kamar mai jiran amsa. Na nemi ayar gaba na rasa. Sai ta sake magana, ƙarshen zancen ya ɗaga sama, wato tambayata take yi.

Ban san na yi sallama ko ban yi ba. Na dai ga kaina a tsakar gida ba takalmi, na yi fatali da kwanon kunun gyaɗar baƙi, ina faɗin akwai mace a ɗakin Baba. Matan suka watse, wata har ta bar mayafinta. Aka kira Goni Modu, limamin layin. Ya tsaya a bakin ƙofa ya yi sallama sau uku, muryar ta sake magana, na ga carbinsa ya tsaya cak.

Goggo ce ta taso, ta ratsa mu duka, ta ɗaga labule. Ta daɗe tana saurare. Da ta juyo, idanunta cike da hawaye, amma dariya take yi.

"Ita ce," in ji ta. "Ranar da Malam ya kawo ta daga kasuwa haka ta yi ta surutu. Ya ce baƙuwa ce, tambaya take wace ƙasa aka kawo ta."

Haka ne kuwa. Allon ya haskaka, ga jerin ƙasashe, muryar jagora ce da kamfani ya sa don sabon mai saye, da harshen ƙasar da aka fara sayar da ita. Goggo, wadda ba ta taɓa aikin ofis ba, ita ta nuna mini inda marigayin ya danna ta yi shiru. Goni ya tambaye ni a raka'a ta nawa na gudu, na faɗa masa, ya ce to a bar zancen.

Kafin magariba na mayar da karatun. Muryar Baba Bukar ta cika ɗakin, har da gyaran muryar da yake yi kafin ya fara. Goggo ta zauna a bakin gadon ta rufe ido. Ba ta buɗe ba ta ce, "Allah ya yi maka albarka. Je ka sake la'asar ɗinka."

Na sake ta, a masallaci, a sahun gaba, inda babu komai a bayana sai maza masu jiran magariba. Tun daga ranar, duk wanda ya kawo mini na'ura gyara, nakan fara tambayar mai ita abin da ya sani, ko da tsohuwa ce mai carbi. Kuma ba na ba kwamfuta baya idan zan ta da sallah.